Akwatin Gurabe Takwas: Yadda Aka Faɗaɗa Kwamfutar TI-99/4A

Wanda ya sayi kwamfutar TI-99/4A a Amurka a shekarar 1981, ya biya dala 525 ya kai ta gida, abin da ya tarar a cikin kwali shi ne na'ura guda wadda faɗinta bai kai rabin mita ba, da allon madannai a jikinta, da taransifomar da ke ba ta wuta. A samanta ta hannun dama akwai ramin da ake zura katirij na wasa ko na karatu. A gefenta na dama kuma akwai wata 'yar ƙofa, wadda idan aka ture murfinta sai a ga bakin allon lantarki mai haƙora 44. Idan aka ajiye ramukan wuta da na talabijin da na rikodar kaset da na sandar wasa gefe guda, wannan 'yar ƙofa ita kaɗai ce hanyar da kamfanin Texas Instruments ya bari domin duk wani ƙarin da mai kwamfutar zai so yi daga baya, ko ƙarin memori ne, ko na'urar faifai, ko firinta, ko modem. Wannan nazari ya bi diddigin yadda kamfanin ya yi ƙoƙari sau biyu ya mayar da ƙofa guda ta zama gurabe da yawa, wato ramukan da ake zura katunan lantarki na ƙari, da abin da ƙoƙarin ya ci, da mutanen da suka ci moriyarsa a ƙarshe.

Dalilin da ya sa aka rufe ta tun farko

Ba rashin sani ne ya sa aka fito da kwamfutar babu gurabe a cikinta ba, domin tun 1977 Apple II take kasuwa da gurabe takwas a ƙarƙashin murfin da ake ɗagawa da hannu. Steve Wozniak, wanda ya tsara ta, ya sha ba da labarin yadda abokin aikinsa Steve Jobs ya so a tsaya a kan gurabe biyu, na firinta da na modem, shi kuma ya kafe a kan takwas. Injiniyoyin Texas Instruments da ke Lubbock a jihar Teksas sun san da wannan. Abin da ya sha musu gaba shi ne dokar hukumar sadarwa ta Amurka, wato FCC, wadda a wancan lokaci ta tsananta matuƙa a kan duk na'urar da ake jonawa da eriyar talabijin, don kada ta riƙa watsa siginar da za ta ɓata hoto da sauti a gidajen maƙwabta. Kwamfutar da ke da buɗaɗɗen ciki, wadda kowa zai iya cusa mata katin da ya ga dama, da wuya ta tsallake wannan gwaji. Apple ya kauce wa dokar ta hanyar ƙin saka na'urar jonawa da talabijin a cikin kwamfutarsa, ya bar wa wani kamfani dabam ya sayar da ita. Atari ya lulluɓe cikin kwamfutocinsa na 400 da 800 da garkuwar ƙarfe mai kauri. Shi kuwa Texas Instruments, da ya fito da samfurin farko, TI-99/4, a 1979, sai da ya haɗa shi da allon kallo na kamfanin Zenith, farashin ya kai dala 1,150.

Ban da doka, akwai kuma ɗabi'ar kamfanin. Ya saba sayar da kalkuleta da agogon hannu da kayan koyon karatu na yara, abubuwan da ake saya a rufe a yi amfani da su a rufe, kuma a ganina da wannan ido ya kalli kwamfutar gida.

Matsalar ita ce, cikin wannan na'ura ya fi na kowace kwamfutar zamaninta buƙatar ƙari. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi da aiwatar da umarni, mai suna TMS9900, mai bit 16 ce a lokacin da abokan gogayya duk masu bit 8 ne, kuma agogonta na bugawa sau miliyan 3 a daƙiƙa. Amma memorin aiki da take iya taɓawa kai tsaye bayit 256 ne kacal. Kilobayit 16 da ake tallar kwamfutar da su na aisin hoto ne (aisi shi ne ɗan guntun lantarki da ake kira IC), kuma a can ake ajiye shirin da mutum ya rubuta da harshen BASIC, furosesa tana karɓo shi bayit ɗaya bayan ɗaya ta wata ƙunƙuntar hanya. Doki ne mai ƙarfi da aka ɗaure a turke da gajeriyar igiya. Duk wanda yake son ya ga gudunsa, dole ya fita ta ƙofar gefe.

Jirgin ƙasa a kan tebur

Dabarar farko mai sauƙin fahimta ce. Kowace na'urar ƙari an yi ta a matsayin akwati mai baki biyu: na hagu yana shiga ƙofar kwamfuta, na dama kuma ya zama sabuwar ƙofa ga wanda zai biyo baya. Aka fito da na'urar magana, da ƙaramar firinta mai buga haruffa 32 a layi a kan takarda mai jin zafi, da ƙarin memori na kilobayit 32, da akwatin RS-232, wato mahaɗar aika bayanai ta waya, domin modem da manyan firintoci, da akwatin da ke sarrafa na'urar faifai. Idan mutum ya mallaki dukkansu, sai su jeru a dama da kwamfutar kamar taragun jirgin ƙasa, tsawon jerin ya zarce mita guda, ga kuma ita kanta na'urar faifan a gefe tana neman wurin zama. In ban da na'urar magana, wadda ke shan wuta daga kwamfutar, kowane akwati yana da wayar wutarsa da makunninsa.

A yi tunanin ɗalibin da ya shafe awa biyu yana buga shiri a irin wannan tebur. Akwatunan ba a ɗaure suke da kusa ba, matsin haƙoran tagulla ne kaɗai yake riƙe da su. Ya miƙa hannu zai ɗauki littafi, gwiwar hannunsa ta ture tarago na uku, haƙori ɗaya cikin 44 ya saki na ƙiftawar ido, kwamfutar ta sandare, aikin awa biyu ya tafi. Masu kwamfutar ZX81 a Ingila sun sha irin wannan wahala a daidai wannan lokaci da ɗan akwatin memorinsu mai girgiɗi, amma su mahaɗa ɗaya suke fama da ita, a nan kuwa mahaɗai biyar ne ko shida a jere, kuma siginar tarago na ƙarshe sai ta ratsa dukkansu.

A nan ne ya kamata a warware wata fahimta da ke saurin zuwa zuciya. Mun saba da ekstenshan na wuta: soket ɗaya a bango, a jona masa akwati mai baki huɗu, a jona wa wannan wani, kowa ya sami wuta matuƙar waya ba ta yi zafi ba. Layukan da ke fita daga furosesa ba haka suke ba. Kowanne yana ɗauke da siginar da ke hawa da sauka sau miliyoyi a daƙiƙa, kuma aisin da ke tura ta yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Duk katin da aka ƙara yana jan wani abu daga wannan ƙarfi, duk tsawon da aka ƙara wa waya yana sa siginar ta makara kuma gefenta ya dushe, har ta kai inda mai karɓa ba ya bambance ɗaya da sifili. Kamfanin Radio Shack ya ɗanɗana wannan da akwatin ƙari na kwamfutarsa TRS-80 a 1978, inda 'yar gajeriyar waya tsakanin kwamfuta da akwati ta riƙa jawo sandarewa har sai da aka sauya ta da mai aisin ƙarfafa sigina.

Akwatin 1982

A 1982 Texas Instruments ya daina bin hanyar taragu ya fito da abin da ya sa wa suna Peripheral Expansion Box, mai lamba PHP1200. Babban akwati ne na ƙarfe, mai nauyin da sai an sa hannu biyu, wanda mutane da yawa suka riƙa ɗora talabijin ko allon kallo a kansa. Idan aka ɗaga murfin sama, za a ga gurabe takwas a jere, kowanne da mahaɗa mai haƙora 60. A hagu akwai sashen wuta da fanka, a dama akwai ɗakin na'urar faifai mai inci biyar da kwata, wadda ke ɗaukar kilobayit 90 a fuska ɗaya ta faifai.

Takwas ɗin a lissafi ne, amma bakwai ne na amfani, domin gurbi na farko katin da ke haɗa akwatin da kwamfutar ne yake zaune a ciki. Daga bayan wannan kati wani kebul yake fitowa, mai faɗi da kauri, baƙi, lulluɓe da garkuwa, wanda saboda taurinsa masu kwamfutar suka laƙaba masa sunan mesar 'yan kwana-kwana. A ɗaya ƙarshen akwai wani dunƙulen baki da ke shiga ƙofar gefe. Abin lura shi ne, a kowane ƙarshe na kebul ɗin an dasa aisin ƙarfafa sigina, ta yadda furosesa ba ta ganin katuna bakwai da dogon kebul, nauyi guda kawai take gani a bakin ƙofa. Akwai kuma wani layi na musamman da kati ke ja ƙasa idan shi ake kira, wanda ke buɗe wa layukan bayanai hanya su ratsa kebul ɗin. Idan babu katin da ya amsa, hanyar a rufe take. Da wannan aka kashe matsalar da ta addabi taragu.

Sashen wuta ya bi tsohuwar hanyar da aka sani tun daga kwamfutar Altair ta 1975. Babbar taransifoma da manyan kondensa masu tara wuta suna samar da wuta iri uku wadda ba a daidaita ba, bolt 8, da bolt 16, da bolt 16 na kishiyar fuska, a raba wa dukkan gurabe, sannan kowane kati ya sauke ta zuwa bolt 5 ko 12 da nasa regileta, wato abin daidaita wuta. Amfanin hakan shi ne katin da ya lalace ba ya saurin gurɓata wutar sauran. Illarsa kuwa zafi ne, domin duk rarar da regileta ya rage zafi take zama. Shi ya sa aka saka kowane kati cikin kwanson ƙarfe mai ɓari biyu, wanda ke shan zafin kuma yake tare sigina daga fita, shi ya sa kuma fankar take da ƙarar da duk wanda ya zauna kusa da akwatin yake tunawa da ita. Ka'idar amfani tana da tsauri: a kunna akwatin kafin a kunna kwamfuta, kuma idan za a cire kati ko a saka, a kashe wuta a jira minti biyu kondensa su huce, domin kati da aka zare a karkace alhali da sauran wuta yana iya haɗa layin bolt 16 da layin sigina ya ƙone aisi nan take.

Yadda kwamfuta take sanin wa ke cikin akwati

Wannan shi ne sashen da ya fi burge ni a duk tsarin, kuma shi ne dalilin da ya sa akwatin ya rayu bayan kamfanin ya janye. Furosesar tana iya kiran adireshi dubu sittin da biyar da 'yan kai ne kawai, wato kilobayit 64, kuma an riga an rabe su: wani yanki na memorin dindindin na kwamfutar, wani na katirij, wani na ƙarin memori. Abin da aka ware wa dukkan katunan ƙari kilobayit 8 ne, wanda ke farawa daga adireshi 4000 a lissafin tushe goma sha shida da masu shirya kwamfuta suke amfani da shi. In ban da katin memori, kowane kati yana zuwa da nasa shirin a cikin memorin dindindin, shirin da ya san yadda ake juya faifai ko tura harafi ga firinta, kuma dukkansu a wannan yanki guda suke zaune. Ɗaki ɗaya ne da masu haya da yawa, don haka dole a yi karɓa-karɓa.

Mai raba musu lokaci wata siririyar hanya ce ta dabam da furosesar TMS9900 take da ita, mai suna CRU, wadda ke kunna ko kashe bit ɗaya a lokaci guda. An ware wa katuna lambobi goma sha shida a wannan hanya, daga 1000 zuwa 1F00. Katin faifai yana amsawa a 1100, na RS-232 a 1300, na harshen Pascal a 1F00. Kowane kati yana zaune shiru, shirinsa a ɓoye, har sai an taɓa lambarsa.

Ga abin da ke faruwa idan mutum ya buga OLD DSK1.WASIKA, wato umarnin ɗauko shiri mai suna WASIKA daga faifai, ya danna madannin shigarwa. Kwamfutar ba ta san mene ne DSK1 ba, kuma ba a taɓa koya mata komai game da faifai ba. Sai ta fara daga lamba 1000, ta kunna duk wanda ke wurin, ta leƙa adireshi 4000 ta ga ko akwai alamar AA, wadda ke nufin akwai kati mai shiri. Idan babu, ta kashe ta matsa zuwa 1100. A nan ta tarar da alamar, ta karanta jerin sunayen da katin ya ce yana amsawa, ta ga DSK1 a ciki, sai ta miƙa masa ragamar aiki. Ta gaban akwatin ana ganin 'yar fitilar katin ta kama, na'urar faifai ta yi gurnani, shirin ya shigo, katin ya mayar da ragama, aka kashe shi, ɗakin ya koma fanko domin mai zuwa. Da sunan PIO aka buga, da kiran ya wuce katin faifai ya tsaya a kan na RS-232, wanda firinta ke jone da shi.

Sakamakon wannan tsari biyu ne. Na farko, gurbin da aka saka kati ba shi da muhimmanci, domin adireshin a jikin katin yake. A Apple II akasin haka ne: gurbi ne ke ba kati adireshi, shi ya sa mai ita yake buga PR#1 idan firinta tana gurbi na ɗaya, ko PR#6 domin faifan da ke gurbi na shida. A akwatin Texas Instruments katin faifai yana zama a gurbi na takwas ne kawai saboda nan ne kusa da na'urar faifan. Na biyu, kuma mafi girma, ana iya ƙirƙiro na'urar da babu wanda ya yi mafarkinta a 1981, a ba ta suna, kwamfutar ta karɓe ta ba tare da an taɓa komai a cikinta ba.

Tsarin yana da nasa tarko. Idan katuna biyu suka zo da lamba ɗaya, dukkansu za su amsa kira lokaci guda, bayanansu su cakuɗe. Wanda yake son katin RS-232 na biyu sai an yi masa gyara a jikin allon ya koma 1500. Kamfanonin da suka zo daga baya sun koyi darasi, suka riƙa saka ƙananan makunnai a kan katunansu domin mai saye ya zaɓi lambar da babu kowa a kanta. Wasu ma sun mayar da tsarin binciken abin amfani: tun da kwamfutar daga 1000 take farawa, katin da aka ɗora a wannan lamba yana iya amsa sunan DSK1 kafin kiran ya isa ga ainihin katin faifai.

Akwai abu guda da akwatin bai iya gyarawa ba. Ƙofar gefe layukan bayanai takwas take da su, alhali furosesar goma sha shida take so, don haka duk kalmar da za ta fita sai an raba ta biyu, a kuma tsayar da furosesar na bugun agogo huɗu. Katin kilobayit 32, wanda aka raba shi kashi biyu a taswirar adireshi, kilobayit 8 a ƙasa da 24 a sama, ta wannan ƙunci yake aiki. Daga baya masu hannu da gyara suka gano cewa idan suka liƙa irin wannan memori a cikin kwamfutar kanta, a kan layuka goma sha shida, shirye-shirye suna gudu da sauri a bayyane. Ƙari a kan haka, BASIC ɗin da ke cikin kwamfutar bai ma san da zaman katin ba. Sai an sayi katirij na Extended BASIC ko wani makamancinsa kafin a ci amfaninsa.

Lissafin da ya ƙi fita

Ta fuskar injiniya, akwatin ya cika alkawari. Ta fuskar aljihu ne abin ya karye. Farashin da kamfanin ya sa shi ne kusan dala 250 na akwatin fanko, 300 na katin memori, 250 na katin faifai, 400 na na'urar faifan kanta, 175 na katin RS-232. Wanda yake son ya yi rubutu da TI-Writer, manhajar rubutu ta kamfanin, yana buƙatar duk waɗannan, jimilla sama da dala 1,300, kafin a zo maganar firinta.

A daidai lokacin ne kuma farashin kwamfutar kanta yake zubewa. Kamfanin Commodore na Jack Tramiel, wanda bai manta yadda Texas Instruments ya kusa durƙusar da shi a kasuwar kalkuleta a tsakiyar shekarun 1970 ba, yana sayar da VIC-20 da arha, kuma yana ƙera aisinsa da kansa. A rabin ƙarshe na 1982 Texas Instruments ya fara mayar wa masu saye dala 100, a farkon 1983 farashin ya sauko wajen dala 150, kafin tsakiyar shekarar ya kai wajen dala 100. Fatan kamfanin shi ne ya sayar da kwamfutar ba riba, ko ma da asara, ya fanshe a katirij da kayan ƙari. Amma iyalin da suka sayi kwamfutar dala 100 a babban kanti domin yara ba su ne za su koma su biya ninki biyu da rabi a kan akwatin da babu komai a cikinsa ba, balle ninki goma sha uku domin cika shi. Ga shi kuma Commodore 64 ta fito a watan Agusta na 1982 da kilobayit 64 a cikinta, na'urar faifanta kuma tana jonuwa da siririyar waya guda ba tare da wani akwati a tsakani ba. 'Yan tsiraru ne cikin masu TI-99/4A suka taɓa mallakar akwatin.

A nan nake ganin kuskuren 1979 ya dawo da kuɗin ruwa. Gurabe takwas a cikin Apple II sun ci 'yan mahaɗai da ɗan faɗin allo da ƙarin ƙarfin wuta, kuma kowane mai saye ya biya wannan ɗan kuɗi tun farko ba tare da ya ji ba. Gurabe bakwai a wajen TI-99/4A sun ci sabon akwatin ƙarfe, da taransifoma ta biyu, da fanka, da kebul mai garkuwa, da aisin ƙarfafawa a ƙarshe biyu, da kwanso ga kowane kati, kuma an ɗora nauyin duka a kan wanda ya zo neman gurbi ɗaya tak. Mai Apple da ke son firinta kati ɗaya zai saya. Mai TI sai ya fara sayen gidan da katin zai zauna.

Kamfanin ya ƙara wa kansa wahala da halin da ya nuna wa masu ƙera kaya na waje. Ya so ribar manhaja ta tsaya a hannunsa, har a 1983 ya sauya cikin sababbin kwamfutocin domin su ƙi karɓar katirij da bai ba wa lasisi ba. Apple II ta bunƙasa ne saboda ɗaruruwan ƙananan kamfanoni sun cika gurabenta da katunan da Apple bai taɓa tunani ba. Katunan da Texas Instruments ya fitar da yawa a kasuwa kuwa huɗu ne, wato memori, faifai, RS-232 da Pascal, don haka ko wanda ya sayi komai yana da gurabe uku a buɗe. A cikin 1983 kamfanin ya fara ba da akwatin kyauta ga wanda ya sayi kayan ƙari uku, daga baya ya zaftare farashin kayan, amma lokaci ya ƙure. Ya yi asarar dala miliyan 119 a rubu'i na biyu na shekarar da miliyan 111 a na uku, kuma ranar 28 ga Oktoba 1983 ya sanar da ficewarsa daga kasuwar kwamfutar gida. An karyar da ragowar kwamfutocin a wajen dala 50, aka rufe ƙera su a Maris na 1984, bayan an sayar da kimanin miliyan 2.8.

Waɗanda suka cika guraben

Abin tausayi a labarin shi ne dubban iyalan da aka bari da na'urar da mai ita ya juya mata baya. Abin sha'awa kuma shi ne abin da masu akwatin suka yi da shi. Ƙungiyoyin masu TI-99/4A a biranen Amurka da Turai da Ostireliya suka ci gaba da haɗuwa suna musayar faifai da zanen allo, ƙananan kamfanoni kuma suka shiga filin da babu mai tsaronsa. CorComp ya fitar da katin faifai mai rubutu a fuska biyu da ninkin cunkoso, wanda ya kai faifai guda kilobayit 360, aka riƙa cire tsohuwar na'urar faifai ana saka sirara biyu a ɗakinta. Katin Horizon ya zo da memori mai batir wanda ke kwaikwayon faifai, yana buɗe shiri cikin ƙiftawar ido kuma ba ya mantuwa idan an kashe wuta. Myarc ya yi katin da ke sarrafa babban faifai mai tauri.

A 1987 Myarc ya kai abin matuƙa da Geneve 9640, wadda cikakkiyar kwamfuta ce a kan kati guda, da furosesa TMS9995, da memori kilobayit 512, da aisin hoto na Yamaha mai iya nuna haruffa 80 a layi. Ana zare katin kebul daga gurbi na farko, a saka ta a madadinsa, a jona mata allon madannai irin na IBM, a ajiye tsohuwar TI-99/4A a kabad. Akwatin da aka yi domin ya yi wa kwamfuta hidima ya wayi gari shi ne kwamfutar. Wani abin da ya taimaka shi ne layukan adireshi uku na ƙari da injiniyoyin 1982 suka shimfiɗa a dukkan guraben, waɗanda TI-99/4A ba ta taɓa amfani da su ba, katin kebul ne kawai yake riƙe siginarsu a sama ba ta canjawa. Geneve ta yi amfani da su ta kira memorin da ya wuce kilobayit 64, kuma a lokacin ne aka gane waɗanne masu ƙera kati ne suka bi ƙa'ida, domin katin da bai kula da layukan nan uku ba yakan amsa kiran da ba nasa ba, sai an yi masa gyara.

Har yau ana ƙera sababbin katuna domin akwatin. Akwai TIPI, wanda ke haɗa shi da 'yar kwamfutar Raspberry Pi ya ba shi ma'ajiya da hanyar intanet. Akwai kuma nanoPEB, wadda ta tattara memori kilobayit 32 da kwaikwayon na'urorin faifai uku a kan katin CompactFlash da mahaɗar RS-232 cikin abin da bai fi tafin hannu ba, kuma a ƙofar gefe ake cusa ta kai tsaye, inda taragun farko suka tsaya. Masu tsohon akwatin suna sauya masa kondensa da regileta da suka tsufa, su saka fanka marar ƙara, sannan su kunna shi kafin kwamfutar kamar yadda aka saba. Ita kuma kwamfutar, da shirin da aka rubuta mata tun 1981, takan fara daga lamba 1000, ta kunna wanda ke wurin, ta leƙa adireshi 4000 tana neman alamar AA.